Kurciya je ki dawo

Daren Talata wajen ƙarfe ɗaya ina kwance kan angarib, gadonmu na igiya, a tsakar gidan Inna a nan Kassala, babu wuta, cajin wayata saura ƙiris, sai gani ina ta jan allo sama ina neman shafi na uku na wani littafi da muke karantawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, wlh hannuna har rawa yake. Kalma ɗaya tak nake nema a cikin wata waƙa. Da na ganta sai na kife wayar a ƙirji nayi shiru ina kallon duhun dutsen Taka, dan a lokacin na gane marubuciyar nan tayi min irin abinda mijin cikin littafin yayi wa matarsa, kuma ban ankara ba sai da muka wuce shafi talatin.

Littafin wata ƙawata ce ke rubuta shi daga Gadarif, a waya take bugawa, shafi ɗaya ko biyu a sati in Allah ya kawo netwok. Ta roƙe ni kar in faɗi sunanta ko sunan littafin sai ta kai ƙarshe, dan haka zan riƙa cewa yarinyar, mijin, da Habboba. Ga 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar, habboba kaka ce, haka muke kira a nan Sudan. Hausar littafin irin tamu ce, ta sha Larabci, wani lokacin 'yan Kano da Maradi na cikin guruf ɗin sai sun tsaya tambaya mene ne jabana mene ne raksha kafin a ci gaba (jabana kofi ne, raksha kuma adaidaita sahu).

Ga yadda abin ya faro. Yarinyar a Madani ta taso hannun Habboba, ita kuma Habboba jikar mutanen nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu kuma noman auduga na Jazira ya riƙe su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, aka yi aure aka hayayyafa, Makka tana gaba Sakkwato tana baya. Duk wannan marubuciyar bata ɓata masa ko rabin shafi ba, abinda ta nuna mana kawai tsohuwa durƙushe kan dutsen niƙa, wanda nan muke cewa murhaka, tana niƙa jiƙaƙƙiyar dawa ta kisra, irin gurasarmu ta nan, tana waƙa, yarinya 'yar shekara shida na zaune tana lasar ƙullu a yatsa. Waƙar ɗango biyu ce:

Kurciya je ki dawo,
Gidan uwa ba shi da ƙyaure.

Shikenan. A shafi na uku ta fito sau ɗaya aka wuce, ni kaina ban ɗauke ta komai ba, na zata ado ne irin wanda marubuta ke sawa dan a ji ƙamshin da. Amma duk macen da aka taɓa kaiwa ɗaki ta san me tsohuwar ke faɗa. Wasiyya ce. Je ki gidan miji lafiya lau, amma in wuta tayi zafi ki sani akwai ƙofar da ba a rufe miki.

Shi mijin ba mawaƙi bane, kuma wannan na cikin abinda ya burge ni, dan da ta maishe shi mai kiɗan ud ko mai buga ogan a gidan biki da tun farko mun sha jinin jikinmu. Ɗan kasuwa ne mai shagon kayan waya, mai fara'a, mai gaida tsofaffi har ƙasa. Ranar ƙunshin wata ƙawarta ya fara jinta, mata sun gasa fatar daluka, gangar mata ta nan, a bakin garwashi ana ta kiɗa ana guɗa, ita kuma ta koma gefe tana wanke kofunan shayi tana ɗan rera waƙar Habboba ƙasa ƙasa, ya tsaya bayan katanga ya saurara. Bayan kwana biyu ya turo mata saƙon murya, ba gaisuwa ba komai, waƙar kawai ya rera da muryarsa mai kauri. Habboba ta rasu shekara biyu kafin nan. To ki duba min yarinyar da bata sake jin waƙar nan a bakin kowa ba tunda aka binne kakarta, rana ɗaya ta jita a bakin namiji. Mu kanmu a guruf mun narke, ana ta turo hoton zuciya ana cewa Allah ya bamu irinsa.

Sai aka yi aure, aka yi jirtik, al'adar bikin aure ta Sudan, da komai, suka zo yawon amarci nan Kassala yadda amare suka saba, suka hau dutsen Totil suka sha ruwan rijiyar da ake cewa duk wanda ya sha sai ya dawo garin. A nan kan dutsen, yana riƙe da hannunta, ya sake rera mata waƙar. Kuma a nan ne ya sauya kalmar.

Kurciya je ki dawo,
Gidana ba shi da ƙyaure.

Marubuciyar bata ce kul ba. Bata ce ku lura ba, bata sa yarinyar tayi mamaki ba, cewa kawai tayi ya ja ƙarshen kalmar, gidanaaa, ita kuma tayi murmushi ta rufe fuska da tob, mayafin matan Sudan. Mu masu karatu arba'in da wani abu a guruf babu mace ɗaya da ta ɗaga yatsa. Ai shafi goma sha biyu sun shige tsakani, sati kusan bakwai kenan a lissafinmu, wa zai tuna.

Daga nan ne littafin ya fara nauyi. Ba mai duka bane, ko sau ɗaya bai ɗaga mata hannu ba, kuma naji daɗi da ta rubuta shi haka dan da yawanmu in ba a ga kumburi a fuska ba sai ace ai babu komai, haƙuri zaki yi. Makaminsa shiru ne. Laifi kaɗan, ko ta daɗe a waya da ƙanwar mamanta, ko tayi dariya da yaron da ke kawo ruwa, sai ya ɗauke mata wuta, kwana uku, kwana biyar, ya shigo ya ci abinci ya fita kamar babu mutum a ɗakin, tayi ta bin sa tana tambayar me nayi, yace in baki sani ba to babu amfanin in faɗa. Sai ta kai ta daina barci ta daina cin abinci tana ta tone tonen kanta tana neman laifin, sai can tsakar dare wayarta tayi ƙara, alhali yana kwance a falo, taku goma tsakaninsu. Saƙon murya. Kurciya je ki dawo. Sai ta fashe da kuka ta tashi taje ta durƙusa ta bashi haƙuri kan abinda har yau bata san mene ne ba.

Abin ya maimaitu ya maimaitu har ya zama jikinta ya haddace. Akwai inda aka ce tana cikin raksha mai rakshar ya kunna wata waƙa daban mai kama da karin tata, sai taji cikinta ya saki kuma bakinta na shirin cewa yi haƙuri, alhali babu kowa kusa da ita. Wannan layin ya tsaya min a wuya kwana biyu.

In kun lura da kiɗan makaɗanmu na baka, uban kiɗa shi ke yawo da magana, ya shiga nan ya fita can, 'yan amshi kuma suna nan kan ɗango ɗaya suna dawo da shi duk inda yaje. To haka waƙar nan take aiki a littafin, amshi ce. Labari yayi nisa, a haihu, a yi ɓari, a sauya gida, sai amshi ya dawo, kalmomin sune dai amma duk dawowa da abinda ya ƙaru a kansu, kamar ruwan kogin Gash da in ya sauko da damina kalarsa ke gaya maka ƙasar da ya ratso. Kuma ita kanta yarinyar abinda ya maida ita kenan, 'yar amshin Shata, shi ke da baiti ita sai dai ta karɓa. Har salon rubutun ya bi wannan, da farko ana rubuta waƙar cikakkiya ɗango biyu a tsakiyar shafi, daga baya sai ɗango na farko kawai, daga baya sai kalma ɗaya, kurciya, can gaba ma sai kawai ace wayarta tayi ƙara, mu da kanmu muke ƙarasa sauran a zuci. Kuma wacce muke ƙarasawa? Tasa. Gidana. Ni da bakina na rera ta haka ina shanya, Inna na jina.

Shafi na talatin da huɗu shine wanda ya hanani barci. Yarinyar ta roƙi zuwa ganin ƙanwar mamanta da ba lafiya ya hana, ya fita ya sa kwaɗo ta waje, gidan da ake ce mata ba shi da ƙyaure. Da ya dawo da dare ya fara rera mata, sai tace masa cikin sanyin murya, kamar fa Habboba ba haka take cewa ba. Yayi dariya ya shafa kanta yace haba kurciyata, ke da kika manta inda kika ajiye makulli jiya, ni a bakinki na koya, haka kika rera, ko so kike kice nayi wa mamaciya ƙarya. Tayi shiru tana ta juya waƙar a ranta, ta gwada neman wata kalma a gurbin bata samu ba, ƙarshe tace hala ni ce na ruɗe. Ni ma a kan angarib nace hala ita ce ta ruɗe. Sai wani abu ya taɓa ni na fara jan allo sama.

Washegari na saka hoton shafi na uku a guruf ban ce komai ba. Minti kusan goma babu wacce tayi magana, sai wata Hajiya daga Zariya ta turo murya tana salati. Ita ce ma ta ƙara mana wani abu da mu 'yan nan muka fara mantawa, tace a ƙasar Hausa in ance an yi wa mutum kurciya ai asiri ne na raba shi da gida, ya kama hanya yayi ta tafiya ko waiwaye babu, ya manta uwa ya manta dangi. Tace to ku duba, tsohuwa ta kira jikarta kurciya dan tsuntsuwa ce mai komawa sheƙarta, shi kuma ya ɗauki kalmar nan dai yayi mata kurciyar gaske tana zaune a ɗaki ko ƙofa bata fita ba. Na tambayi marubuciyar ta bayan fage ko da gangan tayi, ta turo min fuskar murmushi kawai.

Ba wai littafin bashi da inda ya gaza ba. Tsakiyarsa ta ja da yawa, akwai wata kishiya da aka kusa kawowa aka fasa wacce ni banga amfaninta ba, kuma maganar uwar mijin duk iri ɗaya ce kamar an ɗebo ta daga fim. Na faɗa mata. Amma duk inda waƙar ta shigo hannunta baya rawa.

Gardamar da ta ɓarke bayan nan ita ce ta sani zama rubuta wannan. Wasu suka ce ai ga illar kiɗa da waƙa nan, da yarinyar bata saba da su ba da bai samu ƙofar shiga ba. Ina girmama masu wannan ra'ayin, wasunsu sun girme ni sun fi ni karatu, kuma ban zo yin fatawa ba. Amma gsky ban yarda cewa abinda littafin ke faɗa kenan ba. Mutumin nan nema yake ina ne wurin da yafi taushi a jikin yarinyar, ya tarar kakarta ce, ya danna nan. Da abinda ta gada wurin Habboba wata addu'a ce ko wani girki ko wani suna na lallashi, da shi zai ɗauka. Mun san masu yin haka da kuɗi, mun san masu yi da 'ya'ya, mun san masu ɗauko aya ɗaya su yanke gabanta da bayanta su riƙa nuna wa mace duk sanda ta buɗe baki. Waƙar nan kafin ya taɓa ta kariya ce, mace ta ɗinka wa mace. Iyayenmu da basu da alƙalami a waƙar niƙa da ta daka da ta reno suke ajiye abinda ba a basu damar faɗa a zaure ba, habaici ga kishiya, kewar gida, gargaɗi ga 'ya. A can gida akwai amada da kiɗan ƙwarya, a nan akwai daluka da waƙoƙin 'yan mata, duk ɗaki ɗaya ne.

Kuma ni da nake zaune a Kassala bazan iya jin ana cewa muryar mace ita ce matsalar in yi shiru ba, dan garin nan ne ya fitar da A'isha Falatiya. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo ta hanyar hajji kamar kakanninmu, babanta malami ne kuma bai so sana'arta ba, amma a 1942 ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, tayi da Larabci tayi da Hausa, har ta rasu a 1974 Sudan gaba ɗaya ta san muryarta. A lokacin da ake kallon mu baƙi, Fallata, Takarir, muryar 'yar gidanmu ce ke fitowa daga akwatin rediyo a shagunan Larabawa. Kiɗan Sudan dama kan sautuka biyar aka gina shi, shi yasa kunnen Bahaushe baya jinsa baƙo, Inna har yau in an sako tsofaffin waƙoƙin haƙiba sai kiga ƙafarta na motsi tana suyar bun, wato 'ya'yan kofi.

Akwai abinda ban so in rubuta ba amma Yaya tace in rubuta. Tunda muka baro Madani a watan Disamba na 2023 ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma ni nake karanta mata littafin a fili dan ita bokon Hausa bai zauna mata ba, da haruffan Larabci take rubutu. Ranar da na karanta mata wurin saƙon muryar tsakar dare sai ta miƙe taje ta hau wanke finjalan jabana da an riga an wanke. Na bita nace Yaya lafiya? Tace ci gaba ina jinki. Sai da dare yayi tace min, ke kina ƙarama lokacin, kin tuna kasusuwan da baban yara ke aiko min daga Jidda? Nace na tuna, har rige rigen kunna miki rakoda muke. Lokacin haka mugtaribai, masu aiki a ƙasashen waje, ke yi, babu waya, mutum ya ɗauki muryarsa a kaset ya bada saƙo hannun mai dawowa. Tace gefe ɗaya faɗa ne, an ce an ganki a kaza, an ce kin je gidan su wance, ya lissafo min riyal nawa ya aiko da abinda na kasa yi da su, in na juya ɗaya gefen kuma waƙar da aka yi mana ranar ƙunshi ce tun daga farko har ƙarshe. Tace shekara tara ina fara sauraron gefen faɗan sannan in juya, dan in kwanta da daɗi a raina. Nace Yaya me yasa baki taɓa faɗa wa Inna ba? Tace in ce mata me, ya aiko min da waƙa?

Mu da muke rawa a tsakar gida in an kunna wancan gefen. Wlh ban sani ba.

Shafin da ya fito shekaranjiya shine na arba'in da ɗaya. Yaƙin da ya fara 15 ga Afrilu 2023 ya iso Madani a littafin shima, mijin yana Port Sudan sayen kaya hanya ta yanke, maƙwabta suka ɓalle kwaɗon suka fito da ita, ta bi ayari har wani ƙauye gabas da kogi inda injin niƙa ya tsaya babu man dizal. Matar da ta sauke su ta jawo tsohuwar murhaka daga bayan rumbu tace wa ya iya. Yarinyar ta durƙusa, ta zuba dawa, ta kama ɗan dutsen da hannu biyu ta fara turawa tana jawowa, waƙar ta taso mata da kanta. Kurciya je ki dawo, ya tafi daidai da hannu. Tazo ɗango na biyu sai hannun ya tafi baki ya rage a baya. Ta sake, haka. Ta ja kalmar yadda yake ja, gidanaaa, dutsen yaƙi jira. Dan gi-da-na gaɓa uku ce, gurbin kuma na huɗu ne, tura jawo tura jawo, tsohuwa a kan dutse ta auna waƙarta, shi kuma a kwance ya koye ta, shi yasa shekara da shekaru yake jan wasalin nan yana toshe ramin. Ta tura, ta jawo, ta tura, ta jawo, sai bakinta yace gi-dan u-wa.

Marubuciyar bata sa ta kuka ba, bata sa ta yin dogon jawabi ba. Cewa tayi ta niƙe kwano biyu bata ɗago ba, matar gidan tace yarinya ya isa haka, tace bari in ƙarasa. Wayarta na cikin jaka a kashe babu caji, kuma mun san akwai saƙonni a ciki suna jiran ranar da za a kunna. A nan shafin ya tsaya. Guruf ya rabu biyu, masu cewa ta saurara ko ya shiryu ai yaƙi na sauya mutum, da masu cewa ta jefa layin a kogi, ni dai ban saka baki ba tukuna.

Jiya da la'asar Inna na daka bun a ɗan turminta, na matso nace Inna dan Allah wace waƙa Habbobarmu take yi in tana niƙa? Ta dube ni tace yau kuma, me ya tuno miki? Nace so nake in ɗauka a waya. Tace muryata ta tsufa 'yar nan, kuma ba a yinta a zaune hannu sake. Ta aiki ɗan Yaya gidan maƙwabta ya tambayo ko suna da murhaka, aka ce akwai amma ɗan dutsen ya ɓata, za a duba gidan wata tsohuwa a ƙetaren Gash. Yaya ta riga ta jiƙa dawa tun daren jiya, ni kuma na kai wayata shagon mai sola na biya a cika min ita.